Yadda ake saita mashigar siriyal a na'urar sarrafa injinan masana'anta

Na'urori biyu da aka haɗa da wayar siriyal ba sa yi wa juna uzuri. Idan ɗaya tana aikawa a gudun bit 9600 a daƙiƙa, ɗayar kuma tana saurare a 19200, babu wadda za ta nemi 'yar'uwarta ta sassauta. Shiru kawai za ka samu, ko tarkacen haruffa marasa kan gado. Kebul ɗin Ethernet ya sabar mana da a soka kawai, na'urori su daidaita kansu. A siriyal babu wannan gata: duk abin da ɓangarorin biyu za su yi amfani da shi, kai ne za ka saka wa kowanne da hannunka, kuma dole su zo daidai.

Shi ya sa tsarin aikin yake da muhimmanci. Ana farawa daga waya, a tabbatar da ita, a hau kan saitin gudu da fasalin saƙo, a tabbatar da shi, sannan adireshi, sannan ma'anar lambobin da ke dawowa. Wanda ya fara daga shirin PLC, wato na'urar da ke sarrafa injinan, alhali bai auna wayarsa ba, zai wuni yana gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Misalin da za mu bi shi ne wanda aka fi cin karo da shi: PLC guda ɗaya da za ta riƙa karanta mitar wuta da inbatar da ke juya moto, a kan layin RS-485, da ƙa'idar Modbus RTU. Kamfanin Modicon ne ya fito da Modbus a 1979, kuma har yau da wuya ka buɗe fanel ba ka same ta ba.

Kafin ka taɓa komai

Nemo littafin kowace na'ura, na ainihin samfurin da ke gabanka, domin kamfani ɗaya kan sauya tsarin fil daga samfuri zuwa samfuri. Ka fitar da abubuwa biyar a takarda: irin mashigar da take da ita, zanen fil ko tamina, saitin da ta zo da shi daga kamfani, yadda ake sauya mata adireshi, da jadawalin rajistocinta, wato guraben da take ajiye lambobin da ake karantawa ko rubutawa.

Idan tsarin yana aiki tun da, ɗauki kwafin shirin PLC da saitin inbata ka ajiye. Sannan ka tabbatar moto ba za ta iya tashi ba yayin da kake gwaji: a kashe wutar ƙarfi, a sa kwaɗo, a rataya alama. Rubutu ɗaya da ya faɗa rajistar da ba ita ba ya isa ya tayar da inji a lokacin da hannun wani yake ciki.

Mataki na farko: gane irin mashigar

Kada siffar soket ta ruɗe ka. Soket mai fil tara, wato DB9, yana iya zama RS-232, yana iya zama RS-485. Soket irin na RJ45 a jikin inbata sau da yawa ba Ethernet ba ne sam, RS-485 ne aka fito da shi ta nan, wani lokacin ma har da wuta a ɗaya daga cikin fil ɗin. Littafi ne alƙali.

RS-232 na na'ura biyu ne kacal, ɗaya a kowane baki. Tana auna sigina ne tsakanin waya da wayar gama-gari, wadda ita ce sifilin awo, da ƙarfin bolt 3 zuwa 15, sama ko ƙasa da sifili. Tazarar da aka saba ɗauka mata ita ce kimanin mita 15. Ta dace da haɗa kwamfuta da PLC a cikin fanel, ko sikeli, ko na'urar karanta lambar kaya da ke kusa.

RS-485 kuwa tana auna bambancin da ke tsakanin wayoyi biyu da aka murɗe tare. Hayaniyar lantarki da ta faɗa wa ɗaya ta faɗa wa ɗayar daidai wa daida, bambancin bai sauya ba, saƙo ya tsira. Wannan ne ya sa take iya kaiwa kusan mita 1200 a ƙaramin gudu, kuma take ɗaukar na'urori 32 a layi ɗaya ba tare da na'urar ƙara ƙarfi ba. Akwai na'urori masu nauyi kaɗan a kan layi da ke ba da damar wuce wannan adadi. Ana yin ta da waya biyu, inda magana da amsa suke bin hanya ɗaya bi da bi, ko da waya huɗu. RS-422 'yar'uwarta ce mai waya huɗu da mai aikawa guda ɗaya. Ba za mu daɗe a kanta ba.

RS-232 da RS-485 ba sa haɗuwa kai tsaye. Sai da kwanbata, na'urar da ke juya siginar ɗaya zuwa ta ɗayar, a tsakani. Wasu mashigai kuma suna iya yin duka biyun, ana zaɓa da ɗan makunni a jikin na'urar ko a cikin manhaja. Duba wannan tun yanzu.

Mataki na biyu: waya

Ga RS-232 a DB9 na kwamfuta: fil na 2 karɓa, na 3 aikawa, na 5 gama-gari. Na 7 da na 8 su ne RTS da CTS, masu ba da izinin aikawa. Ƙa'idar ita ce bakin wannan ya je kunnen wancan. Idan na'urorin biyu duk tsarin fil irin na kwamfuta gare su, sai an gitta 2 da 3. Idan ɗaya an yi ta ne da tsarin modem, kebul miƙaƙƙe ake so. Ba sai ka yi canki-canka ba: kunna na'urar, sa maltimita a ma'aunin DC, baƙar waya a fil na 5, ja a na 2, sannan a na 3. Wanda ya nuna bolt ƙasa da sifili, misali -5 zuwa -12, shi ne mai aikawa, domin haka layin yake zama idan ba a magana. Mai karɓa zai nuna kusan sifili. Yi haka a ɓangarorin biyu, ka san ko za ka gitta.

RS-485 ce take buƙatar natsuwa.

Kebul ya zama mai wayoyi biyu murɗaɗɗu da garkuwar ƙarfe, wanda aka yi domin wannan aiki, mai om 120. Sigina biyun su kasance a murɗi ɗaya. Wanda ya ɗauki waya ɗaya daga wannan murɗi, ɗaya daga wancan, ya zubar da duk amfanin murɗin.

Layin ya tafi a jere: daga PLC zuwa na'ura ta farko, daga taminarta zuwa ta biyu, haka har ta ƙarshe. Kada a tsaya a wuri ɗaya a raba rassa zuwa kowace na'ura. Kowane reshe mai tsawo yana mayar da amon sigina baya, ya gurɓata saƙon da ke tafe. Takardar ƙa'idar Modbus ta layin siriyal ta ce reshe kada ya wuce mita 20, amma a ganina in dai za ka iya kai kebul har bakin tamina, kai shi, ka huta.

Sai batun A da B, sunayen wayoyin sigina biyun, inda kamfanoni suka kasa haɗa kai. Wani yana kiran waya mai alamar + da A, wani yana kiranta B. Takardar Modbus ta kauce wa rigimar ta kira su D0 da D1, inda D1 ce ke sama da D0 a bolt a lokacin da layi yake hutawa. Idan na'urorin suna da alamar + da -, bi su, sun fi haruffan amana. Idan ka haɗa komai daidai da littafi amma shiru, juya wayoyin biyu a na'urar da ta ƙi amsawa. Juya su ba ya ƙona komai.

Ana cewa RS-485 waya biyu ce, amma a gaskiya uku ce. Mai karɓa yana aiki ne muddin wayoyin biyu suna tsakanin bolt -7 da +12 idan aka auna su da gama-garinsa. Na'urori biyu da ke fanel daban-daban, kowacce da tushen wutarta, za su iya samun bambancin da ya wuce haka. Don haka a ja waya ta uku ta haɗa taminar gama-gari ta dukkan na'urorin, a haɗa ta da ƙasa a wuri ɗaya tak, galibi kusa da PLC. Garkuwar kebul ba ita ce wannan waya ba. Ita ma a ci gaba da haɗa ta daga na'ura zuwa na'ura, a kai ta ƙasa yadda littafin ya ce; abin da aka fi yi shi ne a baki ɗaya, don kada wuta ta riƙa bin ta tsakanin fanel biyu. Idan layin zai fita daga gini zuwa gini, sa kwanbata ko na'urar ƙara ƙarfi mai raba wutar ɓangarorin biyu.

A ƙarshen layi biyun, farko da ƙarshe, ana sa rezista mai om 120 tsakanin wayoyin sigina. Biyu kawai, ba a kowace na'ura ba. Na'urori da yawa suna da ita a ciki, ana kunna ta da ɗan makunni, kuma nan ake yin kuskure: a same ta a kunne a na'urar tsakiya ba wanda ya lura. Gwajin mai sauƙi ne. Kashe wutar komai, auna om tsakanin wayoyin biyu. Kusan 60 na nufin biyu ne, daidai ke nan. Kusan 120, ɗaya ce. Kusan 40, uku ne, nemo ta ukun ka kashe.

Abu na ƙarshe a waya shi ne riƙe layi lokacin shiru. Idan babu mai aikawa, wayoyin biyu suna lilo, rezistocin ƙarshe kuma suna jawo bambancinsu zuwa sifili. Mai karɓa na asali yana buƙatar aƙalla milibolt 200 kafin ya yanke hukunci, don haka 'yar hayaniya kaɗan sai ya ɗauka farkon saƙo ne. Maganin shi ne rezistoci biyu, ɗaya tana jan D1 sama zuwa bolt 5, ɗaya tana jan D0 ƙasa. Takardar Modbus ta ba da om 450 zuwa 650. A wuri ɗaya ake sa su, yawanci a PLC. Kunna wuta, kada kowa ya yi magana, auna bolt tsakanin wayoyin: ka ga sama da 0.2, D1 a sama.

Kebul ɗin sadarwa kada ya kwana a magudana ɗaya da wayoyin da suka fito daga inbata zuwa moto. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera.

Mataki na uku: gudu da fasalin harafi

Kowane bayit yana tafiya ne a cikin ɗan ƙunshi: bit ɗaya na farawa, bit na bayani, bit na fariti in akwai, sai bit na tsayawa. Abubuwa huɗu ne za ka daidaita a kowace na'ura da ke layin, ba tare da togiya ba.

Gudu. Waɗanda aka saba su ne 9600, 19200, 38400, 57600 da 115200. Fara da 9600 ko 19200, su ne ƙa'idar Modbus ta wajabta wa kowace na'ura, kuma 19200 ta sa a matsayin na asali. Yawan gudu ba gwaninta ba ne. Karatun mitar wuta sau ɗaya a daƙiƙa ba ya buƙatar 115200, kuma ƙaramin gudu ya fi jure dogon kebul da hayaniya.

Bit na bayani. Modbus RTU 8 ne ko da yaushe. Modbus ASCII 7 ne. Nau'in biyu ba sa zama a layi ɗaya.

Fariti. Zaɓi uku ne da za ka gani a allo: None, Even, Odd. Bit ne da ake ƙarawa don adadin ɗaya-ɗaya da ke cikin harafin ya zama cika ko mara, mai karɓa ya ƙirga ya gane ko wani bit ya juye a hanya. Ƙa'idar Modbus ta zaɓi Even.

Bit na tsayawa, 1 ko 2. Ƙa'idar tana son kowane harafi ya cika bit 11, don haka in akwai fariti, na tsayawa 1 ne. In babu, 2 ne. A taƙaice ake rubuta su: 8E1, 8O1, 8N2. Sai dai na'urori masu yawa suna fitowa daga kamfani da 8N1, abin da ƙa'idar ba ta tanada ba, kuma suna aiki lafiya in kowa ya bi. Saɓani a bit na tsayawa sau da yawa yakan wuce ba a ji ba. Saɓani a fariti ba ya wucewa: na'urar za ta watsar da saƙon ta yi gum, ba za ta ce maka ga dalili ba.

Nemo na'urar da ta fi kowa ƙarancin zaɓi, ka sa sauran su bi ta. Akwai kuma saitin izinin aikawa. A Modbus RTU a kashe shi, musamman XON/XOFF, domin wannan yana ɗaukar bayit 11 da 13 na lissafin heks, mai tushe 16, a matsayin umarni, alhali suna iya faɗowa a tsakiyar bayanan gaske.

Bayan ka sauya saitin sadarwa a inbata ko mita, kashe ta ka sake kunnawa. Da yawansu suna nuna sabon saiti a allo amma suna ci gaba da aiki da tsohon har sai wuta ta ɗauke ta dawo.

Mataki na huɗu: wa ke tambaya, wa ke amsawa

A layin Modbus na siriyal mai tambaya ɗaya ne tak, a nan PLC. Sauran ba sa buɗe baki sai an kira lambarsu, kamar ɗalibai a gaban malami mai kiran suna. Adireshin masu amsa daga 1 ne zuwa 247. Sifili na sanarwa ce ga kowa, ana rubutu da ita amma ba mai amsawa. Daga 248 zuwa 255 an keɓe su.

Sababbin na'urori da yawa suna zuwa da adireshi 1. In ka jona uku a layi kafin ka sauya musu, duk za su amsa lokaci ɗaya, amsoshin su haɗu su lalace. Saita kowacce ita kaɗai tukuna: a misalinmu mita ta zama 1, inbata ta zama 2. Rubuta lambar a jikin na'urar.

A inbata akwai ƙarin abu. Kunna sadarwa daban, gaya mata ta karɓi umarnin tashi da na gudu daga layin daban. In ba ka sauya tushen umarni ba, za ta amsa maka cewa ta karɓi rubutun, amma moto ba za ta motsa ba, domin har yanzu maɓallan fuskarta take saurare.

Mataki na biyar: gwada da kwamfuta kafin PLC

Wannan matakin ne masu gaggawa suke tsallakewa, kuma shi ne ya fi rage wahala. Cire PLC daga layi, domin masu tambaya biyu ba sa haɗuwa, ka sa kwamfuta a madadinta da kwanbatar USB zuwa RS-485.

A Windows, buɗe Device Manager ka ga lambar COM da aka ba kwanbatar. Lambar tana iya sauyawa idan ka koma wani ramin USB. Kwanbata masu guntun FTDI suna zuwa da jinkirin milisakan 16 kafin su miƙa abin da suka karɓa. A saitin direba ana iya rage shi zuwa 1 ko 2, kuma yana taimakawa idan saƙonni suna zuwa a gutsure. A Linux za ka gan ta a /dev/ttyUSB0, amma sunan da ke ƙarƙashin /dev/serial/by-id ya fi tabbas tunda ba ya sauyawa. A rarrabawa irin su Debian da Ubuntu sai mai amfani yana cikin rukunin dialout kafin a bar shi ya buɗe mashigar. Manhaja ɗaya ce ke iya riƙe mashiga a lokaci guda. In an ce maka tana hannun wani, rufe sauran manhajojin.

Idan RS-232 kake gwadawa kuma kana shakkar kwanbatar kanta, haɗa fil na 2 da na 3, buɗe PuTTY ko Tera Term, ka buga haruffa. In sun dawo allo, ka cire haɗin sun daina, mashigar lafiya lau.

Yanzu buɗe manhajar gwajin Modbus, irin su Modbus Poll ko QModMaster, sa saitin da ka zaɓa, ka nemi rajista ɗaya tak daga na'ura ɗaya. Zaɓi wadda ka san amsarta, kamar ƙarfin wutar da mitar take nunawa a fuskarta. Buɗe tagar da ke nuna ɗanyen saƙo. Tambayar rajistar farko daga na'ura ta 1 haka take:

01 03 00 00 00 01 84 0A

01 adireshi ne, 03 umarnin karanta rajistar ajiya, 00 00 inda za a fara, 00 01 guda nawa, 84 0A kuma lissafin CRC ne na tantance saƙo, wanda manhajar take yi da kanta. Abin da ya dawo zai faɗa maka inda kake.

In babu komai, matsalar tana ƙasa: waya, juyin A da B, gudu, fariti ko adireshi. Dubi fitilun TX (aikawa) da RX (karɓa) na kwanbatar. TX na ƙyaftawa RX ba ya yi, ba a amsa ba. Sauya abu ɗaya, gwada, sannan na gaba. Wanda ya sauya uku lokaci ɗaya, ko ya dace bai san me ya gyara ba.

In amsa tana zuwa amma CRC ba ya daidaita, duba rezistocin ƙarshe, riƙon layi, wayar gama-gari, da yiwuwar na'urori biyu masu adireshi ɗaya. In abin da ya dawo shi ne ainihin tambayarka, kwanbatar tana jin muryar kanta ne. Akwai saitin kashe wannan a jikinta ko a manhaja.

In kuwa ka ga bayit na biyu ya zama 83 maimakon 03, yi murna. Na'urar ta ji ka sarai, ƙin buƙatar kawai ta yi, ma'ana waya da saiti duk sun yi. Bayit na uku ne dalili: 01 ba ta san wannan umarni ba, 02 babu wannan rajista, 03 ƙimar da ke cikin buƙatar ba ta karɓu ba, 04 ita kanta ta samu matsala.

Lambobin da suka dawo

Kuskure mai lamba 02, ko amsar da ta zo amma ba ita kake jira ba, yawanci daga ƙirga ne. Littafi zai rubuta 40001, amma a kan waya wannan rajista adireshinta 0 ne. 40002 kuma 1. Wata manhajar tana cire ɗayan da kanta, wata ba ta yi, wani littafin ma da heks ya rubuta jadawalinsa. In kana neman bolt ka samu wani abu daban, matsa gaba ko baya da ɗaya. Haka nan 30001 da 40001 ba ɗaki ɗaya ba ne: na farko da umarni 04 ake karanta shi, na biyu da 03.

Rajista bit 16 ce, ba ta da ɗigon goma. Na'ura tana iya aiko 2301 tana nufin 230.1, ko 5000 tana nufin 50.00, jadawalin zai faɗi abin da za a raba da shi. Duba kuma ko lambar tana iya sauka ƙasa da sifili, in ba haka ba -1 zai fito maka a 65535.

Manyan lambobi masu bit 32 suna cin rajista biyu, kuma Modbus ba ta faɗi wadda za ta riga ba. Lambar 230.0 a tsarin IEEE 754, na rubuta lambobi masu ɗigo, ita ce 4366 0000 a heks. In na'urar ta fara aiko rabin ƙasa, PLC kuma ta ɗauka na sama ne, za ta karanta 0000 4366, wata 'yar mitsitsiyar lamba da allo zai nuna a matsayin sifili. Ba waya ba ce, ba mita ba ce. Juya rajistocin biyu kawai za ka yi.

Mataki na shida: PLC

Sai yanzu za ka cire kwamfuta ka mayar da PLC, da saitin da ka riga ka tabbatar. Kowane kamfani da hanyarsa. A Siemens S7-1200 mai ɗauke da CM 1241, alal misali, MB_COMM_LOAD ne ke saita mashigar, ana kiransa sau ɗaya a farkon tashi, sannan MB_MASTER ya riƙa aika tambayoyi. Wasu PLC ɗin jadawali kawai za ka cike. Ko wacce ce, dokar ɗaya ce: tambaya ɗaya a lokaci guda. Aika, jira amsa ko kuskure, sannan ta gaba. Shirin da ke harba tambayoyi da agogo ba tare da duba ko ta baya ta kammala ba, zai yi aiki a tebur ya riƙa tuntuɓe a fili.

Yana da kyau ka san lissafin lokaci. A 9600, harafi mai bit 11 yana cin kimanin milisakan 1.15. RTU ba ta da alamar farko ko ƙarshen saƙo, shiru ne alamar: tsawon harafi 3.5, wato kusan milisakan 4. Shirun da ya wuce harafi 1.5 a tsakiyar saƙo yana sa a watsar da shi. Sama da 19200 ƙa'idar ta ba da shawarar tsayayyun lokuta, milisakan 1.75 tsakanin saƙonni da 0.75 a tsakiyar saƙo. Tambayar rajista 10 bayit 8 ce, amsarta 25, jimilla 33, kusan milisakan 38. Ƙara shiru biyu da lokacin da na'urar take ɗauka kafin ta amsa, ka ce 50 zuwa sama. Na'urori goma ke nan rabin daƙiƙa kafin a zagayo. Karanta rajistocin da ke jere a tambaya ɗaya, har 125 umarni 03 yake ɗauka, ya fi a bi su ɗaya-ɗaya nesa ba kusa ba.

Lokacin jiran amsa fara shi da milisakan 1000, in komai ya zauna ka rage gwargwadon abin da littafin na'urar mafi nawa ya ce. Ka lura da abin da wannan ke jawowa: jira na daƙiƙa ɗaya da gwaji uku na nufin na'ura ɗaya da aka kashe za ta cinye daƙiƙa uku a kowane zagaye, sauran suna tsaye. Gyaran shi ne shirin ya sa wa wadda ta yi shiru alama, ya riƙa leƙa ta jefi-jefi har ta dawo.

Kada a riƙa rubuta saitin dindindin a kowane zagaye. Wasu rajistocin suna shiga ma'ajiyar EEPROM, wadda yawan rubutun da take ɗauka yana da iyaka. A rubuta su idan ƙimar ta sauya kawai.

Gwajin ƙarshe, da inji a kunne

Layin da ya yi aiki lafiya a lokacin da moto take kashe bai ci jarrabawa ba tukuna. Sa ƙirga biyu a shirin, na tambayoyin da suka yi nasara da na waɗanda suka faɗi, sannan a tayar da inbata a kai ta cikakken gudu da kaya a kanta. In kurakurai sun fara hawa daidai lokacin da moto ta tashi, koma kan hanyar da kebul ya bi, garkuwa, da wayar gama-gari. Ƙara yawan sake gwaji yana ɓoye wannan ciwo ne kawai.

Sannan ka cire wayar sadarwa da gangan, ka ga abin da zai faru. Inbata tana da saitin abin da za ta yi idan ta daina jin PLC na wani lokaci: ta tsaya, ta ci gaba da gudun ƙarshe, ko ta koma wani gudu da aka ajiye. A wasu samfuran wannan saiti a kashe yake zuwa, ma'ana moto za ta ci gaba da juyawa ba mai iya tsayar da ita ta layin. Zaɓi abin da ya dace da injin, tare da masu gudanar da shi. Maɓallin tsayawar gaggawa kuwa ba ya bin layin Modbus ko kaɗan, wayarsa daban take. A ɓangaren PLC ma, ƙimar da ta daina sabuntuwa kada ta zauna a allo kamar sabuwa. A nuna wa mai aiki cewa sadarwa ta yanke. Mayar da wayar, ka tabbatar layin ya farfaɗo da kansa ba sai an kashe PLC an kunna ba.

In duk wannan ya yi, rubuta gudu, fariti, adireshin kowace na'ura, launin wayar da ke D0 da D1, da wuraren da rezistocin ƙarshe suke, ka manna a cikin ƙofar fanel, ka ajiye kwafi tare da shirin PLC.